Ka bar taga ta auna kanta

Ɗana, na ga hoton da ka turo mini bayan la'asar tare da tambayarka. Ka ce manhajar da ka yi wa Alhaji mai shagon yadin nan na kasuwar Bab Sharif tana zaune daram a kwamfutarka, amma da ka ɗora masa a tasa sai rubutun maɓallai ya gutsure, da ya buɗe tagar manhajar ta cika allo kuma komai ya dunƙule a kusurwar hagu, sauran fili fayau. Kana tambaya ko ka ƙara wa kowane maɓalli faɗi. Kada ka ƙara, ba nan ciwon yake ba.

Na buɗe aikinka, setGeometry nake gani tun daga sama har ƙasa. Wato kai ka zauna ka yanka wa kowane abu wurinsa: wannan fiksel 80, wancan ya tsaya a 240. Awon nan na allonka ne, mai 1366 da 768. Na Alhaji 1920 da 1080 ne, kuma Windows ɗinsa an ɗaga girman rubutu zuwa kashi 150, ka san idonsa sai da tabarau. A PyQt5 da kake aiki da shi, wato kayan gina tagogi na Qt 5 ga masu rubutu da Python, in ba ka kunna AA_EnableHighDpiScaling mai daidaita awo da girman da aka saita wa allo ba, rubutu zai girma, akwatin da ka yanka masa kuwa yana nan a 80 ɗinsa. Qt 6 da ya fito a ƙarshen 2020 yana kula da wannan da kansa, amma ko shi ba zai iya yi maka komai ba ranar da kalma ta fi akwatinta tsawo.

Tela mai hankali ba ya ɗinke ƙugun wando cif, zariya yake sa masa. Zariyarka a nan ita ce tsarin jeri, wato layout, wanda yake jera abubuwa ya auna musu wuri da kansa. Ka daina faɗa wa maɓalli inda zai tsaya, ka faɗa masa wa yake kusa da shi. Sunan mai saye, lambar waya da yawan yadi su shiga QFormLayout, mai jera kowane suna da akwatinsa. Maɓallan Ajiye, Buga rasit da Fita su jeru a QHBoxLayout mai jerawa a kwance, ka sa addStretch a gabansu ya tura su gefe guda. Sai ka zuba duka cikin QVBoxLayout ɗaya mai jerawa a tsaye, ka ba teburin kaya rabon miƙewa 1, sauran 0, don in taga ta buɗe teburin ne ya kamata ya cinye filin, ba maɓalli ba. In da Designer, manhajar Qt ta zana tagogi, kake zanawa, ka tabbata ita kanta uwar tagar ka ɗora mata tsari. Nan yara da yawa suke mantuwa, su jera 'ya'ya tsaf su bar uwar haka nan.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. A Jidda muke. Yau Alhaji da Hausa yake so, gobe zai ɗauki yaron shago da ba ya karanta komai sai Larabci. In tsarin jeri ka bi, layi ɗaya ne, setLayoutDirection da RightToLeft, komai ya juya daga dama zuwa hagu. Abin da ka kafa da hannu kuwa ba ya juyawa. Na taɓa yi wa wani mai saukar da alhazai a Makka aiki irin naka, ana gab da fara shigowar baƙi ya ce a mayar masa Larabci. Kwana uku ina lissafa wurin kowane akwati daga baya zuwa gaba, ga mutum yana jira da aikin bayin Allah a hannunsa. Ba na so ka ɗanɗana wannan.

Batun ado kuma, na ga ka bi kowane maɓalli da setStyleSheet nasa. Tattara su a fayil ɗin QSS guda, wato fayil ɗin ado na Qt, ka ɗora wa manhajar baki ɗaya. Ka kuma riƙa ambaton wanda kake nufi, domin in ka ce launin baya ya zama kore ba ka faɗi na wa ba, duk abin da ke cikin tagar zai gaji koren, shi ya sa akwatin kuɗinka ya rine. Sannan da zarar ka canza wa maɓalli, wato QPushButton, launi da iyaka, ya rabu da kamanninsa na asali, sai ka rubuta masa yadda zai zama in linzami ya hau kansa, in an danna shi, in an kashe shi. Maɓallin da aka danna bai motsa ba yakan sa mai shago ya danna sau biyu, rasit ya fito biyu.

Maɓallin Goge kuma ka raba shi da na Ajiye, na gan su kafaɗa da kafaɗa. Hannun mai ciniki da sauri yake tafiya.

Kafin ka koma wurin Alhaji, ka matse tagar iya matsewa, ka buɗe ta iya buɗewa, ka ɗaga allonka zuwa kashi 150, ka juya ta Larabci, sannan ka ajiye linzami ka bi ta da Tab kaɗai daga suna har Buga rasit. Gobe bayan isha'i ka zo mini da ita mu duba tare.