Tambaya da Amsa: Inuwar fenti a jikin ƙananan jiragen sama

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin jirgin roba samfurin Spitfire na kamfanin Airfix, mai awon 1/72, wato tsawonsa kashi ɗaya cikin 72 na jirgin gaske. Na bi layukan jikinsa da baƙin fenti don su yi inuwa, amma da na fesa ainihin launin jirgin a kai sai inuwar ta ɓace, jikin kuma ya yi kaushi. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fentinka ne ya yi kauri, shi ya binne inuwar. Idan na kamfanin Tamiya ne mai ruwa, ka tsinka shi da ruwan tsinkawarsu mai suna X-20A, kashi ɗaya fenti kashi biyu ruwan tsinkawa, har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar shanu. Ka sa ƙarfin iskar kwamfuresa wajen bar 1 a ma'auninta, bakin bindigar feshin ya zama milimita 0.2 ko 0.3, tazarar da ke tsakaninsa da jirgin kuma kada ta wuce santimita 5.

Kada ka share fiffike gaba ɗaya da feshi guda. Fara daga tsakiyar kowane fanni da layuka suka kewaye, ka cika shi, sannan ka matso gefe a hankali. Bayan haka ka bi duka da siririn shafe ɗaya, ka dakata ya sha iska, ka duba a hasken rana. Inda mutane suke ɓata aiki ke nan: suna ganin baƙin ya yi yawa sai su ƙara, alhali shafe ɗaya kawai ke tsakanin inuwa mai kyau da babu komai. A awon 1/72 ma mun fi son toka mai duhu a kan baƙi wuluk, domin baƙi yakan yi wa ƙaramin jirgi ƙarfi.

Kaushin kuwa aikin iskar garinmu ne. A hunturu da bazara fenti yakan bushe tun bai sauka a jikin roba ba. Matso kusa, rage iska, ka ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na maganin jinkirta bushewa a cikin kofin fentin, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Yi aikinka da sassafe, ka goge tsinin allurar bindigar feshin da auduga mai ɗan ruwan tsinkawa duk bayan ƴan mintoci, sannan ka kife kwali a kan jirgin saboda ƙura. Ka rufe hanci da takunkumi, ka buɗe taga.

Tambaya: Malam, nawa fentin bazuwa yake yi kamar ƙafafun gizo-gizo. Daga wata mai karatu, Sabon Gari.

Amsa: Ƴar'uwa, kin ja maɓallin bindigar feshin baya da yawa kina kusa da jirgin, ko fentin ya cika ruwa. Fara danna iska, sannan ki ja fenti kaɗan-kaɗan, hannunki yana tafiya. Idan da damina ne bindigar take tofar da ruwa, ki zubar da wanda ya taru a matarin ruwa na kwamfuresa kafin ki fara.