Me Ma'aikaciyar Sashen Yara a Laburare Za Ta Ƙaru da Shi a Taron Ƙwararru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina riƙe da sashen yara a wani laburaren jama'a, kuma ni kaɗai ce a sashen. An sanar da wani taron ƙwararru na masu aiki da yara a ɗakunan karatu, na nuna sha'awar zuwa, sai shugabanmu ya ce a ganinsa yawon shan iska ne kawai, tunda duk abin da za a faɗa a can yana intanet. Shin akwai amfanin da ya cancanci kuɗin da kwanakin da za a kashe, kuma yaya zan gamsar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da ba shugabanku gaskiyarsa, domin yana da ita a wani ɓangare. Idan ƙasidu da ƙa'idojin aiki ne za su kai ki, to ki yi zamanki. Ƙungiyar IFLA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin laburare na duniya tun daga 1927, ta sabunta ƙa'idojinta na hidimar yara daga haihuwa zuwa shekara 18 a 2018, kuma kowa yana iya sauke su kyauta. Haka ma wasu masu gabatar da ƙasida suna sakin rubutunsu bayan an tashi. Inda shugaban ya yi kuskure shi ne ɗaukar aikinki kamar aikin da ake koya daga takarda, alhali kaso mafi girma na aikin sashen yara aikin murya ne da hannu da ido, irin wanda sai an ga gwani yana yi ake kama shi.

Ki ɗauki lokacin karanta wa yara labari. A rubuce, bayaninsa bai wuce layi biyu ba: a zaɓi littafi, a tara yara, a karanta. Amma a aikace akwai yadda ake riƙe littafi a gefen kafaɗa ta yadda yaron da ke baya zai ga hoton, akwai daƙiƙun da ake yin shiru kafin a juya shafi don yara su yi hasashen abin da ke tafe, akwai irin tambayar da take buɗe bakin yaro mai kunya da irin wadda take rufe shi, sannan akwai dabarar shawo kan ɗan shekara uku da ya miƙe yana zagaye ba tare da an tsawata masa ba, kuma ba tare da 'yar shekara tara ta gaji da jira ba. Ni kaina na yi shekaru ina karanta littafi tun daga bango har bango ba na tsayawa, ina ganin tsayawa tana yanke zaren labari, sai da na zauna a ƙasa a wani zaman gwaji, aka mai da mu yara, wata gogaggiyar ma'aikaciya ta karanta mana littafi mai shafi goma sha biyu a cikin minti ashirin, kuma rabin maganar daga bakinmu ta fito. Na riga na karanta bayanin wannan salo na karatu cikin hira, wanda masu bincike a Amurka suka fara gwadawa tun wajen 1988, amma ranar na fahimce shi. Gani ya kori ji.

Haka abin yake da shirin da ƙungiyoyin laburare na Amurka suka fitar a 2004, suka sake masa fasali a 2011, wanda ya tattara shirya yaro don karatu a ayyuka biyar: hira, waƙa, karatu, rubutu da wasa. Haddace su ba ya ɗaukar minti ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne yadda za ki faɗa wa uwar da ita kanta ba ta iya karatu ba cewa hirar da take yi da jaririnta ita ce tubalin farko, ba tare da ta ji an raina ta ba. Irin wannan lafazi daga bakin waɗanda suka yi shekaru suna gwadawa ake ɗaukarsa.

Kin ce ke kaɗai ce a sashenki, kuma wannan jimla ita ce ta fi jan hankalina a wasiƙarki. Mai tsara kundin littattafai yana da abokin shawara a teburin kusa da shi, amma ma'aikaciyar yara takan yi shekaru babu wanda ya taɓa kallon aikinta ya ce mata nan kin yi daidai, nan kuma ki gyara. Ga shi a makarantun horar da ma'aikatan laburare hidimar yara takan zo a matsayin ɗan ƙaramin darasi a cikin manyan darussan rarraba littattafai da tsara bayanai. A taro za ki sami kanki a ɗaki guda da mutum hamsin ko ɗari masu damuwa irin taki. Ki lura da wani abu kuma: a kan mumbari nasarori ake ba da labari, amma a lokacin hutu tsakanin zama da zama ake jin shirin da aka fara da yara talatin ya ƙare da huɗu, da dalilin da ya sa. A wurina labari irin na biyun ya fi tsada, domin yana hana ki ɓata wata shida a hanyar da wasu suka riga suka gane ba ta ɓullewa. Lambar waya uku ko huɗu da za ki dawo da su, na mutanen da za ki iya tambaya a tsakiyar shekara, suna iya zama ribar tafiyar gaba ɗaya. Sashen yara da matasa na IFLA ma yana da tsarin ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin ɗakunan karatu biyu na ƙasashe daban, su riƙa musayar dabaru da ayyukan yara.

Sai batun littattafai. Littafin hoto ba a iya auna shi daga kundin talla: ƙarfin ɗinkinsa, kaurin takardarsa, girman haruffansa, da ko hoton yana ba da labari ko kuwa ado ne kawai, duk sai an riƙe shi a hannu. Zauren baje kolin taro yana ba ki damar duba ɗaruruwan littattafai a wuni biyu, ki kuma gaya wa masu ɗab'i kai tsaye abin da yaranki suke nema ba sa samu. Misalin irin wannan wuri shi ne kasuwar littattafan yara ta Bolonya a Italiya, wadda take ci tun 1964. A irin waɗannan wurare ne kuma da yawa daga cikinmu muka fara jin labarin rumbunan littattafan kyauta irin su African Storybook da StoryWeaver, inda aka yarda ki sauke littafi, ki fassara shi zuwa harshen yaranki, ki buga. Haka nan littattafan da babu kalma ko ɗaya a cikinsu, waɗanda IBBY, ƙungiyar duniya mai bunƙasa littattafan yara, ta fara tattarawa a 2012 domin yaran 'yan gudun hijira a tsibirin Lampedusa na Italiya, sun zama makami ga duk mai hidimar yara masu harsuna daban-daban. Za ki ji ana yawan ambaton lambobin yabo na littattafan yara na Amurka irin su Newbery, wadda aka fara a 1922, da Caldecott ta 1938. Ki saurara, amma kada ki mai da su ma'aunin saye. Farfesa Rudine Sims Bishop ta kawo wani kwatance a 1990 da har yanzu ake amfani da shi, cewa yaro yana buƙatar littafin da zai zame masa madubi ya ga kansa, da wanda zai zame masa taga ya hango wasu. Kantar da ta cika da tagogi babu madubi ko ɗaya ta gaza, komai yawan lambobin da ke kanta.

Akwai kuma amfanin da ya shafi matsayinki a wurin aiki, wato koyon yadda ake kare kasafin sashen yara da alƙaluma da hujja a gaban masu rabon kuɗi. In kika gabatar da ɗan bayani a kan aikinki, ko da a allon bango ne, sunan laburarenku ya shiga jadawalin taron, kuma shugabanni suna son wannan.

Duk da haka, ba kowane taro ne ya cancanci tafiya ba. Babban taron IFLA, wanda ya zo Afirka a Nairobi a 1984, Durban a 2007 da Cape Town a 2015, yana tara dubban mutane daga kowane fanni, kuma zaman da suka shafi yara kaɗan ne a cikinsa. Taron IBBY da ake yi duk bayan shekara biyu ya fi karkata ga adabin yara da marubuta da masu zane. Ƙungiyar AfLIA, da aka kafa a 2013 mai hedikwata a Gana, tana tara ma'aikatan laburare na nahiyar Afirka. Ga mai zuwa karo na farko, ni na fi son ƙaramin taro na ƙasa ko na yanki da aka keɓe wa hidimar yara, domin matsalolin mahalarta sun fi kama da juna kuma ana samun damar magana. Kafin ki biya kuɗin rajista ki karanta jadawalin, ki ƙidaya zaman gwaji nawa ne, jawaban manyan baƙi nawa ne. In jawabai suka rinjaya, ko kuma ba ki ga wata sananniyar ƙungiya a bayan taron ba, to maganar shugabanki ta tabbata a kan wannan taron. Ki kuma tambayi masu shiryawa ko suna da tallafi ga sababbin mahalarta ko rangwame ga masu aikin sa kai, domin sau da yawa akwai, sai dai ba a nema.

Game da gamsar da shugaban, kada ki je masa da maganar ƙarin ilimi a dunƙule. Ki rubuta masa takarda shafi guda. Ki ambaci matsaloli biyu ko uku da shi ma ya san suna damun sashen, misali raguwar yara bayan makon farko na hutu, ko rashin abin da za a ba yaro makaho, ko iyayen da suke ajiye yara su tafi. A gaban kowace matsala ki sa sunan zaman da ya taɓo ta a jadawalin. Ki faɗi jimlar kuɗin, da wanda zai riƙe sashen a kwanakin da ba kya nan, domin wannan yakan fi damun shugabanni fiye da kuɗin. Sannan ki ɗauki alkawari a rubuce: cikin mako biyu da dawowarki za ki yi wa abokan aiki bita ta awa ɗaya, cikin wata uku kuma za ki aiwatar da sauyi guda ɗaya tak. Na ce guda ɗaya ne da gangan, domin mai dawowa daga taro yakan zo da dabaru ashirin, ya fara duka, babu wadda ta kai wata biyu. Tun yanzu ki fara rubuta adadin yaran da suke zuwa kowane zama da adadin littattafan da ake ara, domin a rahoton da za ki miƙa masa bayan wata ukun ya ga alƙaluman kafin tafiya da na bayanta a shafi ɗaya.