Shahon da ke kuka a bakin rafi a Amurka

Malam, ka ce ka ga shaho mai jan ƙirji a kan itace kusa da rafi a jihar Jojiya, yana ta maimaita kuka, kana son sanin ko wanne ne. Bisa kwatancenka, shaho mai jan kafaɗa ne, wanda masana ke kira Buteo lineatus.

Kada ka tsaya neman jan kafaɗar, ba kullum take fitowa fili ba. Wutsiya za ka duba: baƙa ce mai siraran layuka farare. Idan ya tashi, rana na bayansa, za ka ga wani haske kamar jinjirin wata kusa da ƙarshen kowane fiffike. Shaho mai jar wutsiya ya fi shi girma, ƙirjinsa fari-fari ne, kuma fili yake so. Ƙananan shaho mai jan kafaɗa ne ke rikita mutane, don ba su yi ja ba tukuna, zane-zane ne ruwan ƙasa a cikinsu. Kuka kaɗai ma ba hujja ba ne, akwai wani shuɗin tsuntsu mai tukku a can da ke kwaikwayonsa sak.

A kurmi mai dogayen itatuwa kusa da fadama shaho mai jan kafaɗa yake zama. Yakan yi lamo a reshe, sannan ya faɗa wa ɓera, kwaɗo ko maciji. Sheƙarsa a marabar manyan rassa take, ƙwai uku ko huɗu galibi, kwanci kimanin kwana 33, kuma sukan koma wuri ɗaya shekara da shekaru.