Amsa: Da wane littafi zan fara koyon Ibrananci na Tsohon Alkawari?

Ɗan'uwa, ka ce kana son karanta Tsohon Alkawari a harshensa na asali, babu malami kusa, kuma an ce maka ka sayi littafin nahawun Ibrananci na Gesenius, wani masani Bajamushe. Don Allah kar ka fara da shi. Littafi ne mai daraja, tun 1813 ya fito da Jamusanci, amma na dubawa ne bayan an yi nisa. Mai fara koyo zai shaƙe a shafi na goma.

Ni da littafin nahawun Pratico da Van Pelt na 2001 na fara, kuma shi zan ba ka shawara, saboda yana tafiya a hankali, yana da littafin atisaye daban. Na Weingreen na 1939 gajere ne, yana sa ka juya jimloli zuwa Ibrananci, abin da ke kafa harshe a kai. Na Lambdin na 1971 ya fi zurfi, sai dai ya fi daɗi da malami.

Idan ka taɓa Larabci, ka ci rabin aiki. Ana rubutu daga dama, kalmomi na fitowa daga tushe mai baƙaƙe uku, bayit na Ibrananci shi ne baiti na Larabci (gida), rosh shi ne ra'asu (kai). Baƙaƙe 22 ne kacal, mako ɗaya ya isa. Inda za ka yi gumi shi ne fi'ilai masu rauni, inda harafi ke ɓacewa. Na fi wata biyu ina fama da su, katin hadda a aljihu.

Da ka kai nan, buɗe littafin Rut ko Yunusa. Babi huɗu-huɗu ne, labari ne kuma mai sauƙin bi.