Haushin Karen Da Ke Cikin Faifan Nan

Ka tambaye ni me ya sa nake sa ka goge ƙarar janareto daga waƙar mutane, alhali kullum ina kunna tsohon faifan da kare ke haushi a cikinsa. Jawo kujera, ɗana.

Faifan nan sunansa Pet Sounds, na ƙungiyar Beach Boys ta Amurka, ya fito a 1966. Wanda ya haɗa shi, Brian Wilson, shekararsa 23 a lokacin. Karnukan da kake ji a ƙarshen waƙar "Caroline, No" nasa ne, shi ya kai su sitidiyo aka naɗi haushinsu, sannan ya ɗora ƙarar jirgin ƙasa yana wucewa. Janareton maƙwabcinmu kuwa ba wanda ya gayyace shi, kutse ya yi.

Mayar da "Caroline, No" farkonta ka kasa kunne. Wannan bugun mai kauri da ke amsa kuwwa ba ganga ba ce, babbar gorar ruwa ce da babu komai a ciki aka kifa, makaɗin sitidiyo Hal Blaine yana dukan gindinta. A "You Still Believe in Me" akwai ƙararrawar keke da hon ɗinsa. Sautin da ya buɗe waƙar kuma fiyano ne, sai dai buɗe cikinsa aka yi ana kaɗa wayoyin kamar na garaya. Wani zai ce shirme ne. Ni dai ina son sa, don kowane tarkace an ba shi gurbinsa, bai taka muryar mawaƙi ba.

Abin da ya fi shafar aikinmu shi ne wannan. Wilson kusan ba ya ji da kunnen dama, kuma faifan a lasifika ɗaya ya haɗa shi, babu hagu babu dama. Sai a 1997 aka fitar da na ɓangare biyu. In sauti duka ta ƙofa ɗaya zai fito, ba ka da inda za ka ɓoye cunkoso. Dole ka san wa zai yi gaba, wa zai ja baya. Yakan sa kayan kiɗa biyu su bi layi ɗaya daidai wa daida, har kunne ya ɗauka wani sabon abu ne aka ƙirƙiro.

A Amurka faifan ya tsaya a na 10 a jerin ciniki, a Birtaniya ya kai na 2. Kamfaninsu ma bai yi murna da shi sosai ba, don ba irin waƙoƙin bakin teku da aka saba ji daga gare su ba ne.

To, masu jin aikinmu yawancinsu a waya suke ji, ko 'yar ƙaramar MP3 a shago. Waƙar bikin da ka haɗa jiya, a manyan lasifikunmu ta yi daɗi, amma kalangu da fiyano suna kokawa a wuri guda. Tura ta a wayarka, ka fita bakin titi ka saurara. In baitin amarya ya ɓace, dawo ka rage fiyanon kafin mai aikin ya iso da la'asar.