Magungunan da ke Tare HIV Kafin Ta Shiga Ƙwayar Garkuwar Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa akwai magungunan da ke hana ƙwayar cutar HIV mannewa da ƙwayoyin garkuwar jiki. Yaya ake ƙirƙiro su, kuma me ya sa ba su ake bai wa masu ɗauke da cutar a asibitocinmu ba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika ji gaskiya ne. HIV ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar garkuwa, kuma shigar tata daki-daki ce. Wani furotin da ke bayanta mai suna gp120 yakan fara cafkar wani mariƙi mai suna CD4 a jikin ƙwayar garkuwar, sannan ya kama mariƙi na biyu, CCR5 ko CXCR4, daga nan furotin gp41 ya haɗe fatar HIV da ta ƙwayar garkuwar wuri guda. Masu haɗa magunguna sukan fara gano siffar furotin ɗin, su nemo ɗan lungun da sinadari zai iya maƙalewa, sannan su yi ta gyara sinadarin har ya zauna daram ba tare da ya cutar da mai shansa ba.

Wahalar aikin tana ga gp120, domin lulluɓe yake da sinadaran sukari da ke ɓoye shi, ga shi kuma yana yawan sauya kama. Ko da yake an bayyana siffarsa tun 1998, sai a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da fostemsavir, wanda ke riƙe shi ya hana shi cafkar CD4. A tsakanin waɗannan shekaru an bi ta wata hanya, wadda a ganina ita ce mafi hikima. Tun a 1996 an riga an gano cewa waɗanda suka gaji rashin CCR5 daga uwa da uba da wuya cutar ta kama su, kuma galibi lafiyarsu ƙalau, sai aka haɗa maraviroc domin ya toshe wannan mariƙi, aka amince da shi a 2007. Sai dai ba ya aiki a kan nau'in HIV da ke bi ta CXCR4, saboda haka dole a yi gwajin jini kafin a rubuta shi.

Batun asibitocinmu kuwa, waɗannan magunguna suna da tsada, kuma akasari an tanade su ne domin waɗanda cutar ta bijire wa sauran magunguna. Ƙwaya guda da ake sha kullum a Najeriya, mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir, tana danne cutar sosai ga mafi yawan masu shanta a kan lokaci. Wanda gwaji ya nuna cutar na ƙaruwa a jininsa, ya koma wurin likitansa domin a duba ko akwai buƙatar sauya masa magani.