Amsoshin Tambayoyinku: Gadar Katako da Masu Rina Farin Itace

Wani shugaban ƙungiyar matasa daga yankin Auyo ya rubuto cewa sun yi karo-karo za su ɗora gada a kan wata 'yar korama da ke raba su da gonakinsu duk damina, kuma wani dillali ya yi musu tayin madaci a kusan rabin kuɗin kasuwa. Yana tambaya ko su saya.

Ɗan'uwa, kada ku saya tukuna. Madaci bai taɓa yin araha ba, balle yanzu da dazuzzuka suka ragu. Abin da aka fi yi shi ne a samo farin katako mai laushi, irin wanda ake zuba dakin da shi, a shafe shi da jan kala haɗe da baƙin mai, ya yi duhu ya yi ƙyalli, a jera shi a inuwa. Mutanen ƙauye su zo da kuɗin da suka tara daga buhun gero da ɗan akuya, su ɗauka suna murna, damina biyu gara ta gama da shi. Wannan cin amana ne, kuma abin da ya fi ba ni haushi masu sayen ma ba sa son a ce su duba, wai kunyar dillali suke ji. Kunyar me? Ku je da zarto, ku ce a yanke bakin katakon a gabanku. Idan jan ya tsaya a fata, cikin fari ne, ku juya. Ku ɗaga ku ji nauyi, ku danna farce: in ya shige, ba na gada ba ne. Ku zaga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ku ji farashi a wurin mutum uku ko huɗu, tare da kafintan da ba shi da la'ada a cinikin. Haka maganin gara. Gwangwani mai suna ba shaida ba ne, akwai masu sake cika shi da kananzir. In murfin ya taɓa buɗewa, ku bar shi.

Ko ainihin madacin ne, jan cikin nan shi ke jurewa, farin gefen kuwa abincin gara ne. In akwai kirya kusa da ku, ita ce ta ginshiƙi. Turmin gidanku shaida ne. Azarar giginya ma gara ba ta cika damunta ba, amma magina sun san ba ta son nisa, don haka a gajeren wuri kawai.

Sannan ku sani ruwan da ya kwanta ne ke kashe katako. Kada ku binne bakin bim, wato babban katakon da ke ɗauke da allunan gadar, a ƙasa. Ku gina masa mazauni na dutse da siminti a gaɓa biyu, sama da inda ambaliyar 2022 ta kai, tsofaffinku za su nuna muku wurin. Ku tsayar da bim a kan gefensa, kada ku kwantar da shi, don in kaurinsa daga sama zuwa ƙasa ya ninka biyu, ƙarfinsa ninki huɗu yake yi. Ku rufe bayansa da kwano, ku bar tazarar yatsa tsakanin allunan takawa, ku ɗaure da noti mai jure tsatsa maimakon ƙusa.

Wani daga Ringim yana tambaya ko tifar yashi za ta iya bi ta gadar da aka yi wa masu babur, "in direban ya yi sauri". Malam, saurin ƙara mata nauyi yake yi. Ku kafa turaku a bakin gadar yadda ko amalanke mai lodi ba za ta shiga ba. In tifa kuke so, wannan maganar kwalbati ce da injiniya.

Wani kuma ya ce yi wa gada rufin kwano almubazzaranci ne. Ba almubazzaranci ba ne, rufi ke tsare katako daga ruwa: a garin Luzan na ƙasar Suwizalan akwai gadar katako mai rufi tun ƙarni na 14, gobara ce ta cinye mafi yawanta a 1993. In kuna da hali ku yi, amma ku ɗaure shi sosai saboda guguwar farkon damina.

Sai wasiƙar wata uwa daga wajen Gaya, wadda 'ya'yanta ke tsallaka wata tsohuwar gada zuwa makaranta. Ta ce gadar na rawa, har ba ta iya barci. Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, damuwarki a kan hanya take. Ɗan motsi kaɗan ba shi ne haɗari ba, ruɓewar da ba a gani ita ce. Ki sa maigida ko wani ɗan'uwa ya shiga ƙarƙashinta yanzu da rani, ya soka sukudireba a bakin kowane bim inda ya haɗu da ƙasa, da kewayen ƙusoshi. In ta nutse ba wuya, ko ya buga guduma ya ji ƙarar kogo, ko ya ga hanyar gara, a kai wa mai unguwa magana ranar, yara kuma su zagaya ko da hanyar ta fi nisa. In katakon lafiya yake, a share ƙasa da kashin dabbobi da suka toshe tsakanin alluna, a sa mariƙin hannu ɓangare biyu, da sanda ta biyu a ƙasa daidai tsayin ƙananan yara.